Fasfo Yana Mutuwa Tun Kafin Ranar da Aka Rubuta Masa: Fashin Baƙi ga Iyalin da Ke Shirin Tafiya

Saura kwana ashirin a kama azumi yayata ta kira ni da hantsi. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Don Allah zo ka duba min wani abu, ejan ya dawo da fasfon auta." Su bakwai ne za su tafi Umara: ita, maigidanta, surukarta da yara huɗu. An biya kuɗin kujera, an kama masauki, har an ɗinka wa yaran kayan Sallar da za su saka a Makka. Da na isa gidan ta miƙo min ɗan koren littafin, ta ɗora yatsa a kan kwanan watan da ke shafin hoto. "Duba da idonka, sai nan da wata huɗu zai ƙare. To a kan me za a ce ba ya aiki?"

Na ce, "Yaya, a wurinmu yana da rai, amma a wurin Saudiyya ya mutu tun wata biyu da suka wuce."

An yi wa yaron fasfon ne yana jinjiri, lokacin da suka je wata tafiya, aka dawo aka ajiye shi tare da na kowa a durowar maigida, ba wanda ya sake buɗe shi. Na iyayen na shekara goma ne, don haka a ransu kowa na gidan yana da sauran lokaci. Ƙarshenta gidan ya rabu biyu. Maigida ya tafi da mahaifiyarsa da manyan yara, yayata ta zauna da auta, sai bayan Sallah suka samu tafiya, bayan an yi asarar kuɗin sauya tikiti. Ramadanin da ta shekara tana tanadi domin sa a Kano ta yi shi. Tun daga ranar nake jin ya kamata a zauna a warware wannan magana dalla-dalla, domin yawancin waɗanda abin yake ritsawa da su ba sakaci suka yi ba, ba a taɓa faɗa musu ba ne.

Kwanan watan ƙarewa da ke cikin fasfo alkawari ne tsakaninka da Najeriya: har zuwa ranar nan ƙasarka ta yarda wannan littafi shaidarka ne. Ƙasar da za ka je kuwa tana da nata sharaɗin, kuma ba ta buƙatar izinin kowa kafin ta gindaya shi. Saudiyya tana son fasfon baƙo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Haka Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, haka Masar, haka Indiya da Sin idan za ka nemi bizarsu. Ka duba waɗannan sunaye da kyau, za ka ga su ne wuraren da Bakano ya fi zuwa: Makka da Madina don ibada, Dubai da Guwanzu don sarin kaya, Alƙahira da Indiya don asibiti da karatu. Ke nan a aikace, fasfon shekara biyar na shekara huɗu da rabi ne a hannunmu, na shekara goma kuma tara da rabi.

Dalilin sharaɗin ba boyayye ba ne. Mutum yana iya shiga ƙasa da niyyar mako biyu, ciwo ya kwantar da shi wata uku, ko wata shari'a ta riƙe shi, ko kuma ya ƙi fita da gangan. Idan fasfonsa ya mutu yana can, mayar da shi gida ya zama aiki, sai an nemi ofishin jakadancin ƙasarsa ya ba shi wata takarda. Wata shidan nan rata ce da ƙasashe suka bar wa kansu don kada baƙo ya zame musu ƙarfen ƙafa.

Sai dai ba kowa ke ƙirga ta iri ɗaya ba, kuma a nan ake yawan tuntuɓe. Wasu daga ranar da ka shiga suke fara lissafi, wasu daga ranar da za ka fita. Ƙasashen Turai da ke cikin yarjejeniyar Shengen, irin su Jamus, Faransa da Italiya, wata uku suke nema, amma bayan ranar da za ka bar yankin, kuma dole a ce an bayar da fasfon ne cikin shekara goma da suka wuce, yana da aƙalla shafi biyu da ba a taɓa ba. Turkiyya a dokarta tana son fasfo ya zarce ranar ƙarewar biza da kwana 60. Birtaniya ta fi sauƙi a wannan fanni, ita dai ya kasance da rai har ka gama zamanka. Wanda ya haddace "wata shida" kawai zai tsira a mafi yawan wurare, amma wanda zai kai yaro karatu ko zai zauna jinya ta watanni dole ya ɗora tsawon zaman a kan wannan lissafi. Kuma da watannin Miladiyya ake ƙirgawa. Na faɗi haka ne saboda da yawanmu da watan Musulunci muke tsara tafiyar ibada. Ramadan yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, don haka "bara ma da shi muka je a azumi" ba hujja ba ce. Sai an ɗauko kalanda an ƙirga.

Wa yake tsayar da mutum? Jama'a sun ɗauka sai an sauka a Jidda ko Alƙahira za a gane. Ba a kai wa can. Idan ejan bai gano ba lokacin neman biza, to ma'aikacin kamfanin jirgi ne zai gano a kan kanta, a nan filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Kamfanonin jiragen sama suna amfani da wani kundin kwamfuta mai suna Timatic, na ƙungiyarsu ta duniya IATA, wanda ke nuna sharuɗɗan kowace ƙasa. Ma'aikaci zai shigar da ƙasarka, inda za ka, inda za ka ya da zango, da ranar ƙarewar fasfonka, kundin ya ba shi amsa. Idan ya ɗauke ka duk da haka aka ƙi karɓarka a can, kamfanin ne zai dawo da kai da kuɗinsa, sau da yawa har da tara. Shi ya sa magiya ba ta aiki a wurin, kuma sanin wani babba ba ya buɗe wannan ƙofa. Ina roƙon iyaye su daina sauke fushinsu a kan yaron da ke bayan kanta. Ba shi ya kafa dokar ba, kuma idan ya saɓa ta aikinsa ne a kan siraɗi.

Yanzu ga inda maganar iyali ta bambanta da ta mai tafiya shi kaɗai. Dattawanmu sun san zamanin da ake rubuta sunayen yara a cikin fasfon uwa, su bi ta a kan littafi ɗaya. Sun kuma san fasfon alhazai na musamman da ake yi don aikin Hajji kawai, wanda Saudiyya ta daina karɓa tun wajen 2009. Duk wannan ya wuce. Ƙa'idar da duniya ke bi yanzu ita ce mutum ɗaya, fasfo ɗaya, ko da jaririn kwana arba'in ne. Najeriya ta koma fasfo mai na'urar adana bayanai a 2007, sannan a 2019 Hukumar Kula da Shige da Fice ta fito da sabon samfuri wanda ya zo da zaɓin shekara goma. Wannan zaɓi na manya ne kawai, 'yan shekara 18 zuwa sama. Yaro shekara biyar ake ba shi, saboda fuskarsa tana canjawa, kuma ba mu kaɗai ke yin haka ba: Amurka da Birtaniya ma shekara biyar suke ba wa yaran da ba su kai 16 ba.

Sakamakon haka shi ne, ko rana ɗaya aka yi wa gida duka fasfo, ba rana ɗaya za su mutu ba. Balle ma ba a cika yin su tare ba. Na maigida an yi shi don kasuwanci, na uwargida lokacin da ta sauke farali, na amarya bayan aure, na yara kowanne da tafiyar da ta jawo aka yi masa. Gida mai mutum takwas yana iya samun ranaku takwas daban-daban. Tafiyar iyali kuwa kamar ayarin fatake ce, jakin da ya fi rauni shi ke yanke saurin kowa. Fasfo bakwai lafiyayyu ba za su ɗauki na takwas ba.

Akwai wata ɗabi'a tamu da ke ƙara wa abin nauyi, kuma zan faɗe ta kai tsaye. A gidaje da yawa maigida ne ke tattara fasfon kowa ya kulle. Niyyar mai kyau ce, don kada su ɓata. Amma sai ka tarar da mace mai shekara arba'in ba ta san ranar ƙarewar fasfonta ba, ba ta ma san yadda aka rubuta sunanta a ciki ba. Shi kuma maigidan yana Kantin Kwari ko Singa daga safe har magariba, abin da ke kansa ya fi ƙarfin tuna ranar fasfon yaro na huɗu. A ganina uwa ce ta fi cancanta ta riƙe wannan lissafi, domin ita ce ta san ranar rigakafin kowane yaro da ranar komawarsa makaranta. Ko littattafan suna wurin maigida, to ta ɗauki hoton shafin bayanan kowa ta ajiye a wayarta.

Maganar kuɗi ba ta da daɗi. Daga 1 ga Satumba 2024 fasfo mai shafi 32 na shekara biyar ya tashi daga naira 35,000 zuwa 50,000, mai shafi 64 na shekara goma kuma daga 70,000 zuwa 100,000. Shekara ɗaya cif bayan haka, 1 ga Satumba 2025, aka ninka su: 100,000 da 200,000. A wannan farashi, miji da mata da yara huɗu, ko ƙaramin kowa ya yi, naira 600,000 ke nan, a jihar da mafi ƙarancin albashinta naira 71,000 ne. Ina ganin ya kamata a ce akwai rangwame ga yara, tunda su ba su da zaɓin na shekara goma, kuma yaron da aka fara yi wa yana jariri sai an yi masa sau huɗu kafin ya kai munzalin samun babban. Amma tunda haka abin yake, hikimar ita ce kada a bari duka su taru a wata ɗaya. Wanda ya san ranakun tun da wuri zai iya sabunta ɗaya a wannan wata, ɗaya bayan wata uku, nauyin ya rarrabu.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu lissafi ne, kalanda da biro sun isa. Abin da ya fi cin lokaci, wanda kuma ya fi damun mu Hausawa musamman, shi ne suna.

Yanzu ba a yin fasfo ko sabunta shi sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, har da yara, kuma dole abin da ke rumbun NIMC, hukumar da ke bayar da lambar, ya yi daidai da abin da za a buga a fasfo: suna, jerin sunayen, da ranar haihuwa. Mu kuwa tsarin sunanmu bai taso da "sunan dangi" guda da kowa ke gada ba. Yaro sunansa da na mahaifinsa ne. Wani lokaci a ƙara na kaka, wani lokaci a ƙara unguwa ko gari, ka ji Dala, Gwale, Fagge, Bichi. A firamare malami ya rubuta shi da sunan uba, a sakandare aka ƙara garin, wanda ya yi masa rajistar NIN a shagon unguwa kuma ya juya su, na uba ya koma gaba. Ga kuma rubutun boko da bai tsaya wuri ɗaya ba: Muhammad, Mohammed, Muhammed, Muhammadu, A'isha, Aisha, Aishatu, Abdullahi da Abdullah, Sulaiman da Suleiman. A kunnenmu duk suna ɗaya ne. A wurin kwamfuta mutane daban-daban ne.

Sai ka ga 'ya'yan mutum ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, kowanne da sunan ƙarshe daban a fasfonsa, uwar kuma tana ɗauke da sunan mahaifinta kamar yadda addini ya tanada. Mu mun san gida ɗaya ne. Jami'in biza a ofishin jakadanci, ko na shige da fice a wata ƙasa, abin da ke gabansa shi ne mace da yara uku waɗanda babu suna ko ɗaya da ya haɗa su. Abin da zai raba gardama shi ne takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, domin ita ce ke ɗauke da sunan uwa da na uba. Katin asibiti ko takardar da aka rubuta ranar suna ba sa maye gurbinta. Duk macen da za ta fita da 'ya'yanta, ta sa ainihin takardun haihuwarsu a jakar hannu tare da fasfo, kada su shiga akwatin da za a auna.

Ba na ba wa mace shawarar ta canja sunanta zuwa na miji don kawai a samu sauƙin tafiya. Babu dokar da ta tilasta haka, kuma canjin yana jawo nasa aikin: takardar shaidar aure, rantsuwar kotu, sanarwa a jarida, gyara a NIN, sannan takardun makaranta da na banki su zauna da tsohon suna. Abin da ya fi amfani shi ne ma'aurata su mallaki takardar shaidar aure. Da yawanmu an ɗaura mana aure a masallaci ko a zaure, shaidu sun shaida, an raba goro da alawa, babu takarda ko ɗaya. Aure ya ɗauru, babu shakka. Amma ranar da za a nemi bizar iyali, takarda za a tambaya.

Ranar haihuwa ma haka. Mutane nawa ne a Kano takardunsu ke cewa 1 ga Janairu aka haife su? Wasu an rage musu shekaru don makaranta ko aiki, tsohon fasfo yana faɗin shekara ɗaya, NIN yana faɗin wata. Irin wannan saɓani shi ke tsayar da sabuntawa cak, domin sai an fara gyarawa a NIMC, gyaran ya hau rumbunsu, sannan a dawo kan fasfo, kuma gyaran ranar haihuwa ya fi na suna tsada da tsauri. Wanda ya gano wannan saura mako uku tafiya, sai dai ya yi haƙuri. Ga jariran da ake haifa yanzu kuwa, gyaran yana hannun iyaye tun ranar suna: a zaɓi rubutu ɗaya da jeri ɗaya, a sa shi a takardar haihuwa, a kwafe shi harafi da harafi a NIN, a makaranta, a fasfo, a tikiti. Tikitin ma da abin da ke fasfo ake saye, ba da sunan da ake kiran yaro a gida ba.

Daga suna sai izini. Ba a yi wa yaro fasfo sai da takardar amincewar iyaye, haɗe da shaidar su waye iyayen, kuma a bakin iyaka ana iya tambayar wanda ke tare da yaro ya nuna hujjar cewa da yardar iyayensa ya ɗauko shi. Wannan yana taɓa mu sosai saboda yadda muke zaune. Yaro yana hannun kakarsa tun yaye. Yarinya tana riƙo a wurin gwaggonta, ita take kira Mama. Uwargida za ta tafi da ɗan abokiyar zamanta. Aure ya mutu, yara suna wurin uwa, uban ya koma wani gari. A al'adarmu ba wanda zai tambayi Hajiya dalilin tafiya da jikanta. Jami'in da ya tambaya kuwa ba raini ya yi ba. Safarar yara gaskiya ce, an kafa hukumar NAPTIP tun 2003 saboda ita, kuma hanyar Kano zuwa ƙasashen Larabawa tana cikin waɗanda ake sa wa ido. Tambayar da ta ɓata wa Hajiya rai ita ce za ta ceci 'yar wani. Abin yi shi ne a rubuta takardar izini mai ɗauke da sunan yaro, lambar fasfonsa, sunan wanda zai tafi da shi, inda za su da tsawon zaman, iyaye su sa hannu, a haɗa da kwafin shaidarsu da lambar waya, a kai kotu a buga hatimi. Idan uba ya rasu, a riƙe takardar shaidar rasuwa. Idan kotu ce ta ba da riƙo, a riƙe hukuncin.

Ga iyayen da suka rabu ina da roƙo. Kada fasfon yaro ya zama sandar dukan juna. Na ga inda uba ya riƙe littafin ya ƙi sa hannu, yarinya ta rasa tafiyar asibiti da aka riga aka sa wa rana. Ba uwar aka hukunta ba.

Fasfo yana iya samun sauran shekaru amma ya gaza ta wata hanyar. Shafuka suna cika, musamman na 'yan kasuwa masu zirga-zirga, tunda biza ɗaya tana cin shafi guda, ga tambarin shiga da fita. Ba a ƙara wa fasfonmu shafi, sai dai a yi sabo, don haka mai yawan tafiya ya yi mai 64 tun farko. Ruwan damina ya jiƙa shi, yaro ya yi zane a shafin hoto, bango ya ɓalle, duk suna iya sa a ƙi shi. Wanda ya ɓata kuma sai da rahoton 'yan sanda da rantsuwar kotu, kuma ya fi sabuntawa tsawon hanya.

A lura da wani abu: abin da muke kira sabuntawa ba ƙarin wa'adi ba ne a kan tsohon littafi. Sabon littafi ne da sabuwar lamba. Saboda haka jerin aikin yana da muhimmanci, fasfo tukuna, sannan biza, sannan tikiti. Wanda ya karɓi bizar Umara da tsohuwar lamba sannan ya je ya sabunta, ya raba bizarsa da fasfonsa. Idan kuma akwai biza mai dogon wa'adi a cikin tsohon, kada a yar da shi kuma kada a ɓalle shafin. Amurka, alal misali, tana karɓar bizarta mai rai da ke cikin fasfon da ya ƙare, muddin an haɗa shi da sabon an nuna su tare. Masu iƙama a Saudiyya su kuma sai sun sa an mayar da bayanansu kan sabuwar lambar.

Yaushe za a fara? A 2021 gwamnati ta sanya wa'adin mako shida ga sabon fasfo, mako uku ga sabuntawa. A 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya sanar da kammala fasfo sama da 200,000 da suka taru ba a buga ba, kuma daga Janairun 2024 aka mayar da cike takardu da tura su ta intanet, sai mutum ya zaɓi rana ya je ofis, kamar na Farm Centre a nan Kano, a ɗauki hotonsa da tambarin yatsunsa. An samu sauƙi, wannan gaskiya ne. Duk da haka wa'adin hukuma yana aiki ne idan takardunka ba su da matsala, kuma akwai lokutan cunkoso da kowa ya sani: gab da Ramadan, lokacin da Hukumar Jin Daɗin Alhazai ke karɓar fasfon maniyyata, da dogon hutun makaranta. Ba sai fasfo ya mutu ake neman sabo ba. Ni dai ma'aunina shi ne a duba na kowa wata uku kafin a biya ko sisi na tikiti. Mata kuma su ɗaga ƙunshi sai bayan an ɗauki yatsu, domin lalle mai kauri yana hana na'ura karantawa, ga shi kuma an fi yin sa daidai lokacin shirin tafiya.

Gaggawa ita ce abincin 'yan baranda. Mutumin da ya rage masa kwana goma zai biya duk abin da aka yanka masa, ya miƙa takardun 'ya'yansa ga wanda bai sani ba. Wani ya yi aikin, wani ya cike suna ba daidai ba, kuskuren ya bi yaro shekara biyar, wani kuma ya ɓace da kuɗin. Wanda bai iya intanet ba babu laifi ya nemi taimako a shagon kwamfuta, amma ya zauna a wurin, a karanta masa kowane suna da kowace rana kafin a tura, kuma kuɗin ya tafi ta shafin hukuma, ya karɓi rasit.

'Yan uwanmu da ke zaune a waje, ɗalibai a Masar ko iyalai a Jidda da Riyad, ofishin jakadancin Najeriya ne wurin sabuntawarsu, a kan dala 150 ƙarami, 230 babba. Yaron da aka haifa a can ɗan Najeriya ne ta hanyar iyayensa, kamar yadda sashe na 25 na tsarin mulki ya tanada, amma zama ɗan ƙasa daban, mallakar fasfo daban, sai an nema masa kafin ya iya tafiya. Wanda fasfonsa ya ɓata yana waje ana iya ba shi na wucin gadi, na dawowa gida kawai, ba ya kai mutum wata ƙasa.

Katin rigakafi shi ma abokin tafiyar fasfo ne. Allurar shawara ana yi wa yaro daga wata tara, shaidarta tana fara aiki kwana goma bayan an yi, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Masu zuwa Hajji da Umara akwai ta sanƙarau a kansu, ita ma aƙalla kwana goma kafin isa. Allurar da aka yi ana gobe tafiya ba ta cika sharaɗi ba.

Da yayata ta dawo daga Umararta ta bayan Sallah, na tarar ta manna wata takarda a cikin murfin durowar kayanta. Sunaye bakwai ne a jere da rubutun hannunta, kowanne da ranaku biyu a gabansa: wadda ke cikin fasfo, da wata da ta ja wa layi da jan biro, wata tara kafin ta farkon, shida na ƙasar da za a je, uku na ofis. Na tambaye ta na wa ne a gaba. Ta ce, "Na Hajiya ne. Kuma na duba NIN ɗinta, an rubuta mata Hauwa'u, fasfon kuma Hauwa. Ranar Litinin za ka kai mu a fara gyarawa."